DARASI: GWAJIN HANTA DA HANJI GA DATTAWANMU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, sau da yawa idan muka ce wa dattijo a Tasawa ko Mayahi ya je a auna jininsa, sai ya ce: "Lafiyata ƙalau, me zan je nema a likita?" Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauko darasin nan, domin akwai cututtuka biyu da ke daɗewa a jikin mutum ba tare da ya ji komai ba.

Ta farko ita ce ciwon hanta nau'in C. Sai a 1989 masana suka gano ƙwayarsa. Ta hanyar jini take shiga: allurar da aka yi wa mutane da yawa da ita, ƙarin jinin da ba a tace ba, askar da ba a tsarkake ba. To, wane ne cikinmu da ya haura hamsin bai sha aski ko ƙaho ko tsaga a hannun wanzami ba? Ba muna aibanta wanzamai ba ne, sana'ar gado ce mai daraja, amma a da aska guda kan zagaye mutum goma a ranar kasuwa. Ƙwayar kan yi shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a ɓoye. Kafin shawara ta bayyana a ido, ciki ya kumbura da ruwa, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ƙasar Masar abin lura ce. Alluran maganin tsargiya da aka yi wa jama'arta tun daga shekarun 1950 su suka yaɗa cutar a ƙauyukan bakin kogin Nilu. A 2018 hukuma ta shiga auna jama'a kyauta, aka auna mutum wajen miliyan 50, aka ba masu cutar magani. Wannan nau'i ba shi da allurar rigakafi kamar yadda nau'in B yake da ita, amma yana da magani: ƙwayoyi ne da ake sha na mako 12, kuma fiye da 95 cikin ɗari na warkewa.

Ta biyu ita ce sankarar babban hanji. Takan fara da ɗan tsiro a cikin hanji, wanda kan yi kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. Idan aka gan shi da wuri, cire shi ake yi, magana ta ƙare. A Faransa ana auna bayan-gidan masu shekara 50 zuwa 74 duk shekara biyu. Amurka kuwa ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. Mu a nan, duk jinin da ya fito sai mu ce basir ne, mu koma ga jiƙo da sassaƙe. Lalle basir ya fi yawa, amma jinin da ya zo tare da rama, ko kasala, ko sauyin bayan-gida na makonni, ba a yanke masa hukunci a zaure.

Mun san kunya ce babban shinge. Malamai kuwa sun halatta wa likita duba al'aura saboda larura, gwargwadon buƙata. Kuma neman sanin cuta ba ya warware tawakkali; mu tuna da mai raƙumin da aka umurta ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Wanda ke Korgom, Urafan, Isawan ko Kanambakashe ya fara da gidan likitan garinsu, ya nemi takardar zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi. Idan abin ya buƙaci ƙarin bincike, su za su tura shi Maraɗi, ko cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. 'Ya'yan da ke ci-rani su ɗauki nauyin kuɗin mota da na awo, wannan ma yana cikin biyayya ga iyaye. Mai zuwa aski ya tafi da sabuwar rezarsa.

Game da tambayar da ake yawan yi mana: ɗibar jini kaɗan don awo ba ta karya azumi. Allah ne mafi sani.