BAYAN TSINKAR INABI: AIKIN DA KE JIRAN MANOMI

Gabatarwa

A wajen manomin gero ko dawa, da zarar an yi girbi an kai amfani rumbu, aikin shekara ya ƙare. Ba haka abin yake ga mai lambun inabi ba. Itacen inabi yana iya yin shekaru fiye da 20 yana ba da 'ya'ya, kuma yawan abin da zai haifa baɗi ya dogara ne ga irin kulawar da ya samu a watannin da ke biye da tsinkar bana.

A Nijeriya, Ƙaramar Hukumar Kudan da ke kusa da Zariya ita ta yi fice wajen noman inabi. Ruwan saman da ake samu a ƙasar Zazzau yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara. Na tsakiyar Jihar Katsina, kamar Kankiya da Kusada, bai kai haka ba, kuma raninsu ya fi tsawo. Wannan bai zama cikas ba, domin inabi yana son rana da busasshiyar iska lokacin nuna, in dai akwai rijiya ko madatsar ruwa da za a yi ban-ruwa da ita. Saboda haka ya dace ɗaliban wannan yanki su san yadda itacen ke rayuwa.

Ajiyar abinci

Ganyen inabi shi ke haɗa sukari ta hanyar amfani da hasken rana da ruwa da iskar kabon-dayokzaid. Lokacin da 'ya'ya ke nuna, mafi yawan sukarin nan cikinsu yake tafiya. Bayan an tsinke su, sai sukarin ya koma gangarowa cikin rassa da gangar jiki da saiwa, inda ake adana shi a matsayin sitaci. Da wannan ajiya sabon toho zai rayu kafin ya yi ganyen da zai ciyar da shi.

Don haka kuskure ne babba a yanke wa lambu ruwa ranar da aka gama tsinka, ko a sake wa awaki su cinye ganyen. Kamata ya yi a ci gaba da ban-ruwa daidai gwargwado na wasu makonni, a kuma zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya da takin zamani mai fotash, domin 'ya'yan da aka kwashe sun tafi da fotash mai yawa daga ƙasa.

Hutun da manomi ke ƙirƙira

A ƙasashe masu sanyi irin su Faransa da Italiya, ana tsinkar inabi ne wajen Satumba da Oktoba. Daga nan ganye ya zube, itacen ya yi barci, domin ba ya girma idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. A lokacin barcin ne ake datse rassa sau ɗaya, a jira zafi ya dawo.

A ƙasar Hausa kuwa ko sanyin hunturu bai isa ya sa itacen barci sosai ba. In an bar shi, sai ya yi ta miƙe rassa da ganye, 'ya'ya kaɗan. Manoman Nashik da ke ƙasar Indiya, inda yanayi ya yi kama da na arewacin Nijeriya, sun shawo kan wannan matsala ta hanyar datsa sau biyu a shekara. Ta farko ana yin ta a watan Afrilu, bayan tsinka da ɗan hutu. Ana yanke kowane reshe har sai ido ɗaya ko biyu suka rage. Daga waɗannan idanu sababbin rassa ke fitowa, su girma cikin damina ba tare da an bar su sun ɗauki 'ya'ya ba. Ta biyu kuma a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. A nan ana barin idanu da yawa a kan rassan da suka ƙosa, kuma su ne ke fitar da fure. Bayan wata huɗu zuwa biyar inabi ya nuna cikin rani, lokacin da babu ruwan saman da zai fasa shi ko ya ruɓar da shi.

Akwai dalilin kimiyya da ya sa datsar farko ta fi muhimmanci. Asalin furen da zai zama nonon inabi yana samuwa ne cikin idon reshe watanni kafin ya fito fili. Idon da ya sami hasken rana da ɗumi yakan ƙunshi fure, wanda inuwa ta rufe kuwa sau da yawa ba ya fitar da komai sai siririn hannun da itacen ke kama waya da shi. Wannan shi ya sa ake rage rassa, a baza sauran bisa rumfa yadda rana za ta ratsa. Tun ran gini, tun ran zane.

Tsabtar lambu

Bayan datsa sai a tattara busassun ganye da ruɓaɓɓun 'ya'ya a fitar da su daga lambu, domin cikinsu ƙwayoyin cuta ke fakewa. Babbar abokiyar gabar inabi a damina wata funfuna ce da ke sa ɗigon rawaya a saman ganye, da farin gari-gari a ƙarƙashinsa. Ita ce ta addabi lambunan Faransa har wani masanin tsirrai mai suna Millardet ya bayyana maganinta a shekarar 1885, wato haɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa da ruwa, wanda ake kira haɗin Bodo. Har yanzu ana amfani da shi. Haka kuma wannan ne lokacin duba ɓarnar gara a gindin itatuwa da turakun rumfa, da ɗaure wayoyin da suka saki. Rassan da aka yanke ma ba shara ba ne. Lafiyayyen reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, in an kafa shi cikin leda mai ƙasa da taki, zai yi saiwa ya zama sabon dashe.

Abin da kasuwa ta bari

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, kuma ba ya jimre wa zafin bazara. A Turai yawancin abin da aka tsinka masana'antar giya ake kai shi. A ƙasar Hausa, inda addinin Musulunci ya haramta giya, ɗanye ake shan sa. Duk da haka mai sarrafa inabi yana bukatar sanin yadda giya ke samuwa, domin ya hana ta samuwa. A jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yis. In an matse ruwan an ajiye, cikin kwanaki kaɗan za su fara juya sukarinsa ya zama barasa da iska mai kumfa. Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ne ke wannan aiki, kuma zafi na kashe su. A shekarar 1869 Thomas Welch na Amurka ya bi wannan hanya ya adana ruwan inabi ba tare da ya zama giya ba. Ana ɗumama ruwan ya kai digiri 85 zuwa 90, a ɗura shi da zafinsa cikin kwalaben da aka tafasa, a toshe. In kuwa aka bar ruwan a buɗe makonni, wasu ƙwayoyin bakteriya kan juya barasar ta zama tsami, wato ruwan khal.

Hanya mafi sauƙi ita ce yin zabibi. Kimanin kilo 4 na ɗanyen inabi ke ba da kilo 1. Ana shanya shi bisa raga a wurin da iska ke kaɗawa, a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, amma in an fara tsoma shi cikin ruwan toka da ɗan mai, kamar yadda mutanen gaɓar Bahar Rum suka daɗe suna yi, kakin da ke jikin ɓawon yakan saki ya bushe da wuri.

Gwaji a makaranta

Malami zai iya samo rassa biyu na inabi, ɗaya ƙosasshe mai launin ƙasa-ƙasa, ɗaya kore ɗanye. A yanka kowanne a karkace, a ɗiga ruwan aidin a kan yankan. Ƙosasshen zai yi shuɗi mai duhu, alamar sitaci, ɗanyen kuwa da ƙyar zai sauya. Daga nan ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa ake zaɓar ƙosasshen reshe wajen yin dashe, da abin da zai sami lambun da dabbobi suka cinye ganyensa mako guda bayan tsinka.