Tsando Da Alamunsa

A cikin ƙwarin da ke damun mutane da dabbobi a ƙasarmu, kaɗan ne suka kai tsando ɓarna. Shi ne ke yaɗa ciwon barci ga mutane, da sammore ga shanu da dawaki. Saboda haka ya kamata kowane yaro ya iya gane shi in ya gan shi.

Masana sun kasa ƙwari kashi kashi. Kowane ƙwaro na sosai yana da ƙafafu shida, jikinsa kuwa ya rabu uku, watau kai da ƙirji da ciki. Yawancinsu fikafikai huɗu gare su, kamar fara da zuma. Amma akwai wani babban dangi masu fikafikai biyu kaɗai. A cikinsa ƙuda yake, da sauro, da bobuwa, da tsando. Sunan da masana suka ba tsando shi ne Glossina, gidansa kuwa Afirka ne, kudu da hamadar Sahara.

Tsando ya ɗan fi ƙudan gida girma, amma ba ya cika wuce rabin inci ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne. Alamu uku ne ke bambanta shi da 'yan'uwansa. Ta fari, in ya sauka ya kan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya, kamar almakashi a rufe. Ƙudan gida da bobuwa ba su yin haka. Ta biyu, bakinsa ya miƙe gaba kamar allura. Ta uku, in aka ɗaga fiffikensa a haske, za a ga jijiyoyin tsakiya sun yi siffar gatari. Akwai wani ƙuda mai cizo a garke wanda shi ma bakinsa a miƙe yake, amma fikafikansa a buɗe suke. Don haka kada a dogara ga alama ɗaya.

Ire-iren tsando sun fi 20, an kuwa raba su gida uku. Akwai na bakin rafi, mai son inuwar itatuwa kusa da ruwa. Shi ya fi cizon mutane wajen wanka da ɗiban ruwa. Akwai na daji, mai bin namun daji da shanu. Sa'an nan akwai na kurmi, wanda ya fi sauran girma.

Haihuwarsa abin mamaki ce. Macen ba ta zuba ƙwai. Tsutsa ɗaya tak ta kan haifa, kamar kowane kwana 10. Tsutsar ta kan shige cikin ƙasa mai laushi a inuwa, bayan kamar wata ɗaya ta fito da fikafikai. Da namiji da mace duka jini suke sha.

Sanin halin tsando ya ceci rayuka. A shekarun 1930 ciwon barci ya tsananta a ƙasar Anchau, cikin lardin Zazzau. Da aka gane na bakin rafi ne ke kawo shi, sai aka sassare itatuwan bakin rafuffuka, tsando ya rasa inuwa. Aka gina sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya.

Tambayoyi
1. Fikafikai nawa ke ga tsando?
2. Yaya a kan bambanta shi da ƙudan gida?
3. Don me aka sare itatuwan bakin rafi a Anchau?