Darasi: Gadon Shanyar Ƙorai da Tukwanen Tsami

Darasinmu na wannan karo na uwargida ne da maigida baki ɗaya. Uwargida, ke ce mai nono, ke ce mai ƙullun koko da daddawa. Maigida, kai ne mai gatari da dagi. Aikin ba ya wuce yini guda, kuma in akwai itace a gonarka ba zai ci maka ko dala ba.

Mu fara da abin da ke ɓata nono. Kin sha ganin haka. Kin tatsi saniya da marece, kin zuba madara a ƙwarya, kin rufe da faifai. Da safe kin buɗe, maimakon kindirmo mai kauri sai ki tarar ya tsinke, ruwa a bisa, yana kumfa, yana wani wari. Wata ta ce baki ne. Wata ta ce saniyar ce ta ci mugun haki. Sau da yawa laifin na ƙwaryar ne.

Cikin madara akwai sukari. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Na kirki daga cikinsu su ke cin sukarin nan, su mai da shi tsami. Tsamin ne ke sa madara ta yi kauri ta zama nono. Irinsu ne ke sa ƙullun hatsi ko na dawa ya yi tsami. Daddawa ma, ta kalwa ko ta gurguzu, wasu ƙwayoyin ne ke nuna ta. Amma akwai miyagu. Su suna cikin ƙasar tsakar gida, da kashin kaji, da bakin akuya, da ƙafar ƙuda. Abu uku suke so: laima, da duhu, da sauran abinci. Ƙwaryar da aka ɗauraye sama-sama aka kife a ƙasa ta haɗa ukun nan. In miyagun suka riga na kirki yawa, nono ya ɓaci, kuɗin kasuwa ya tafi. Wannan ma da sauƙi. Wani lokaci nonon ba ya nuna alama, a dama fura da shi, yaro ya sha, zawo ya kama shi. Kun san yadda zawo ke zuƙe ƙaramin yaro cikin kwana biyu.

Rana da iska su ne maganin. Ƙwaryar da ta bushe ƙarau, bisa, nesa da ƙasa, ba ta yi wa ƙwayoyin nan daɗin zama. Don haka za mu yi mata gado.

Maigida, ga kayan da za ka nema. Gwafa 4 dogaye, kowace metir 1 da santimetir 60. Gwafa 4 gajeru, kowace metir 1. Sanduna 4 masu ƙwari, tsawon metir 1 da rabi. Tsumagu miƙaƙƙu kamar 50, tsawon santimetir 80, kaurin babban yatsa. Sai igiya, ta kaba ko ta rama ko ta ɓawon kalgo. In ba ka da magwaji, auna da hannunka: kamu ɗaya na babban mutum ya kusa rabin metir.

Wane itace? Dogon yaro ya yi, don ƙwari ba su cika son shi ba, kuma in ka sare reshe zai sake tohowa. Turare ma ya yi, miƙaƙƙe ne. Tsumagu kuwa, geza da sabara sun ishe ka. Manomin da ke sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980, ba ya rasa su, rassan da yake ragewa a gonarsa su ne kayan aikin. Kada ka taɓa ɗanyen gawo ko kirya ko giginya ba da izinin ma'aikacin gandun daji ba. Gadon ƙorai bai kai ka biya tara a kansa ba. Kuma ka ɓare ɓawon itacen tun yana ɗanye, don ƙarƙashin ɓawo ne ƙwari ke ɓuya.

Wurin kafawa ya fi komi muhimmanci, kuma a nan ne uwargida za ta sa baki. A zaɓi inda ranar safe ke bugawa, kusa da madafa, don in ya yi nisa ba za a yi aiki da shi ba. A nisanta shi da salanga, da turken dabbobi, da juji. Kada a kafa ƙarƙashin itacen da tsuntsaye ko kaji ke kwana.

Shata wuri a ƙasa, tsawo metir 1 da santimetir 30, faɗi santimetir 70. Gina rami a kowace kusurwa, zurfin santimetir 40. Kafin ka kafa gwafa, babbake gindinta a wuta har ya yi baƙi, ka zuba toka cikin ramin. Wannan yana rage ɓarnar gara, ba ya hana ta ɗungum. Wasu na shafa baƙin man mota. Mu ba mu ba da wannan shawara ba, don wurin kayan abinci ne. Sa doguwar gwafa da gajeruwa cikin rami guda, gajeruwar daga ciki, ka mai da ƙasa, ka daddaɓe da gindin taɓarya. Yanzu lissafa: doguwar ta saura metir 1 da santimetir 20 bisa ƙasa, gajeruwar santimetir 60. Ka sami hawa biyu ke nan.

Aza sanduna biyu cikin bakin gwafanni na bisa, biyu cikin na ƙasa. Jera tsumagu a gicciye, ka ɗaure kowace da igiya. Bar tsakanin yatsa biyu daga tsumagiya zuwa tsumagiya. Kada ka matse su kamar gadon kwana. Ta wannan tsakani ne ruwa ke ɗiga, ta nan ne iska ke shiga cikin tukunyar da aka kife. Wanda ya shimfiɗa tabarma ko kwano a bisa ya ɓata aikin.

Akwai abu guda da mutane ke mantawa, wato gora. Goran kaɗa nono da bido masu ƙaramin baki ne, ba su zama a kife, kuma su suka fi riƙe ruwa da wari. Ka ɗaura sanduna 3 ko 4 a tsaye jikin gadon, su zarce shi da kamu ɗaya, ka goge kansu ya yi santsi. A kansu za a riƙa kife gora, baki ƙasa. Ludayi da maburgi a rataye su a gefe.

Ƙarƙashin gadon, gina ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika da tsakuwa ko fasassun tukwane. Ruwan da ya ɗiga zai nutse, ba caɓi, ba sauro. Daga ƙarshe kewaye da ƙaya ko ɗan danni. Akuya in ta miƙe bisa ƙafa biyu tana kai wa hawan bisa, balle na ƙasa.

Uwargida, saura naki. Da kin juye nono, ki wanke ƙwarya nan take, kada ki bari ya bushe a jikinta. Fara da ruwan sanyi, sannan soso da sabulu ko toka, sannan ki ɗauraye da ruwan zafi. Kada ki goge da tsumma ko bakin zane, abin da kika wanke ne za ki mayar. Ƙorai su hau bisa, tukwane masu nauyi su zauna ƙasa. Ki kife su a ɗan karkace, kada ki sa wata cikin wata sai sun bushe. Tukunyar ƙasa tana shan ruwa cikin jikinta, ta fi ƙwarya daɗewa, ba ta yini guda. Ƙwarya kuwa ba ta son zafin ranar bazara, tana tsagewa. Da ta bushe ki ɗauke, ki kai ɗaki, ki sa a ragaya. Haka ma lokacin ƙurar hunturu. Da damina maigida ya aza zana bisa rabin gadon. Masu dafa burkutu ma, tukwanensu wannan shanya suke bukata.

Mun san abin da tsofaffi za su ce: in aka wanke ƙwarya tas, nono ba zai kwanta ba, don irin yana jikinta. Suna da gaskiya rabi. Ƙwayoyin kirki suna maƙale a jikin tsohuwar ƙwarya, amma ba su kaɗai ba ne. Gara ki zaɓi irinki da kanki. Tafasa madara tukuna, don tafasa tana kashe ƙwayoyin tarin shanu da na ciwon da ke sa saniya ɓari, waɗanda mutum ke ɗauka daga ɗanyar madara. Bari ta huce har ta koma ɗumi-ɗumi. In ta yi zafi za ta kashe irin. Zuba a busasshiyar ƙwarya, ki sa ƙaramin ludayi guda na nonon jiya mai kyau, ki motsa, ki rufe da faifai mai tsabta. Ki gwada da ƙwarya biyu, ɗaya yadda kika saba, ɗaya yadda muka faɗa, ki duba da safe.

Ƙwaryar da ta tsage, ko ta yi baƙin hunhuna da ba ya fita, ta bar aikin nono, a ba kaji ruwa da ita. Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur, ko an wanke shi sau goma, ba ya shiga aikin abinci.

Maigida, kowace ranar kasuwa ka duba gindin gwafanni. In ka ga gara ta fara gini, ka kankare, ka ƙara toka. Igiya kuma rana na cinye ta, ka sake ta kafin ruwan farko.