Ɗan'uwan Yakuwa Da Ya Kusa Ɓacewa



Alhajin da ya sauka Jidda, aka miƙo masa jan abin sha mai tsami aka ce karkade ne, da ya kurɓa zai ce, "Ai zoɓo ne!" Gaskiyarsa kuwa, yakuwarmu ce. Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya haɗa yakuwa da rama cikin zuriya guda mai suna Hibiscus. Auduga da kuɓewa ma danginsu ne, ku dubi furanninsu za ku ga kama.

To, yau za mu kai ku tsibiran Hawai, can tsakiyar Tekun Pasifik, fiye da mil 2,000 daga gaɓar Amurka. A can akwai waɗansu ƙananan itatuwa da ba su fitowa a dajin ko'ina sai nan. A shekarar 1911 masani Joseph Rock ya raɗa musu suna Hibiscadelphus, watau ɗan'uwan Hibiscus.

Furen yakuwa buɗewa ya ke yi kamar ƙoƙo, amma nasu ba ya buɗewa sosai, lanƙwashe ya ke kamar ƙaho. Me ya sa? Kun san dabino ba ya 'ya'yan kirki sai an yi masa barbara. To, masana suna ganin waɗansu tsuntsaye masu lanƙwasasshen baki su ne ke yi wa itatuwan nan wannan aiki. Tsuntsu ya zura baki ya sha zaƙin fure, garin furen ya manne masa, ya kai wa wani furen.

Sa'an nan jiragen ruwa suka kawo baƙi. Tun 1778 Kyaftin Cook ya sauke awaki a tsibiran, daga baya shanu suka biyo, ga kuma ɓeraye. Dabbobi suka cinye tsiro, ɓeraye suka gaigaye iri da ɓawo, tsuntsayen kuma cuta ta kashe da yawansu. Waɗansu irin itatuwan suka ƙare ƙurmus.

Akwai wani iri da Rock ya tarar saura itace ɗaya tak. Itacen ya mutu a 1930, amma kafin nan an tsinci 'ya'yansa an shuka. Duk na irinsa da ke raye yau jikokinsa ne. Wani irin kuma, da aka fid da rai da shi, sai a 2019 aka hango shi a jikin wani tsauni na tsibirin Kauai, da ƙaramin jirgi marar matuƙi.

Manomi ya san wannan karatu. Kome tsananin yunwa, ba a cinye iri. Kuɗi suna sayen hatsi, amma irin da ya ƙare babu kasuwar da za a same shi. Saboda haka wanda ke da tsohon irin yakuwa ko rama na gado, ya adana shi, ya kuma ɗiba wa maƙwabcinsa.