Kafin Ka Ce Bod Ya Ƙone

Ɗana, na ji ka fara karɓar gyaran kwamfuta a shagon nan naku na Kawo, kusa da tasha. Allah Ya sa albarka. Na san hannunka na da kyau, kuma ba ka da niyyar cutar kowa. Shi ya sa zan ja kunnenka a kan abin da yakan sa yaron kirki ya jawo wa mutane asara ba da saninsa ba.

Za a kawo maka kwamfutar tebur, a ce jiya lafiya lau aka kashe ta, yau ta ƙi tashi. Ka danna, shiru. Maganar da ke saurin zuwa bakin mai gyara ita ce, "Bod ya ƙone." Riƙe ta tukuna. Wataƙila mai shagon buga takardu ne, ga lokacin rajistar JAMB, yara sun yi layi a ƙofarsa. Da ka faɗa, zai je ya ci bashi ya sayo wani bod, wato babban allon cikin kwamfutar. In daga baya aka gane waya ce kawai ta saki, da wane ido za ka dube shi?

Fara da tambaya. "Alhaji, wutar NEPA ce ko inji? An yi tsawa daren jiya? Kun ji ƙauri?" Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai kaya yakan san fiye da abin da ya fara faɗa. Bolt 230 ya kamata wutar gidajenmu ta kasance. Amma ko mu da ke maƙwabtaka da babbar tashar wuta ta Mando mun san yadda take yin ƙasa da yamma, da yadda takan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Ƙaramin janareta kuwa, in mai ya kusa ƙarewa, wutarsa hawa da sauka take yi. Duk wannan dukan, akwatin wutar kwamfuta ne ke fara shan sa, wato pawa.

Daga nan ka koma bango. Dariya kake yi, na sani. Gwada soket da wani abu. Sauya ekstenshan, sauya waya, duba fis ɗin da ke cikin fulogi. Leƙa bayan kwamfutar ka ga ko makunnin pawa a kunne yake. In tsohuwar gwanjo ce daga Amurka, nemi wani ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wanda ya jona ta a nan yana kan 115, ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi.

In waje lafiya, sai ka zare wuta ka buɗe murfi. A nan zan ɗan daɗe, ka yi haƙuri da ni. Kada ka kwance akwatin pawa ka sa hannu a ciki. Manyan kafasitocinsa na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare fulogi. Mahaifiyarka na buƙatarka. Daga waje za ka gwada shi, kuma hakan ya isa.

Cire duk wayoyinsa daga bod da faifan ajiya. Ɗauki babban fulogin nan mai fil 24. Koriyar waya ɗaya ce tak a cikinsa. Lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka haɗa ramin koriyar da na ɗaya daga cikin baƙaƙen, sa'an nan ka jona wuta. In fanka ta ƙi motsi, zarginka ya fara samun gindi. In ta juya, kada ka yi murna da wuri, don juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce. Ɗauko mita. Waya mai ruwan ɗorawa bolt 12 take bayarwa, ja 5, mai ruwan lemo 3.3. Mai launin shunayya tana ba da 5 ko da kwamfuta na kashe. Ƙa'ida ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 5 cikin ɗari, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Abin da ya wuce haka, ko lambar da ke rawa a kan mita, ciwo ne.

Wani pawan ma yakan ci wannan jarrabawar, sai an ɗora masa nauyi ya durƙusa. Don haka ka ajiye lafiyayye guda a shago, wanda ba na sayarwa ba, ko nawa aka taya. Minti biyar da shi sun fi zato na yini guda.

Af, kada in manta. Yawancin kwamfutocin ofis da ke shigo mana Dell ne da HP, kuma da yawa daga cikinsu fuloginsu na gidansu ne, ƙarami, wayoyin ba a jere suke kamar na sauran ba. Dabarar kilif ba tasu ba ce. Wasu Dell ɗin suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan pawa, yi amfani da shi. Fulogin da ya ƙi shiga kuwa, kada ka tilasta masa.

To, a ce pawa ya fita daga zargi. Har yanzu ba a kai ga yanke wa bod hukunci ba. Rage masa kaya. Bar farosesa da fankarsa, ram guda ɗaya, babban fulogi, da ƙaramin nan mai fil 4 ko 8 da ake yawan mantawa. Taɓa fil biyun makunni da bakin sukundireba, don wani lokaci maɓallin gaba ne kawai ya mutu. Ƙurar hunturun Kaduna ba ta barin ram. Zare shi, goge haƙoransa da kilinar fensir, hure ramin, mayar. Sauya ɗan batirin nan mai faɗi, CR2032. Kuɗinsa kaɗan ne, amma yakan rikita tsohuwar kwamfuta. In bod na da ɗan lasifika, cire ram gaba ɗaya ka kunna. In ya yi kuka, da sauran rai. In fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, fito da bod ka ɗora a kan kwali, ko wani sukuru ne ya faɗa ƙarƙashinsa yana haɗa wuta.

Bod ɗin da ya mutu da gaske, sau da yawa da kansa yake faɗa. Za ka ga kan kafasita ya kumbura, ko wani abu mai ruwan ƙasa ya tsattsafo. Za ka ga baƙin tabo kusa da farosesa. Hancinka ma zai gaya maka. Da damina ka duba wajen da wayar intanet ke shiga, don tsawa takan biyo ta nan.

Ga inda masu gaggawa ke yin asara biyu. Bod ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, kuma sau da yawa pawa ne ya kashe shi. In ka ɗaura sabo a kan pawan da ba ka auna ba, tamkar ka zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba. Kwana kaɗan mai kaya zai dawo, kuma wannan karon daga aljihunka za a biya. In za ka sayi pawa, ɗaga shi ka ji. Wanda ba shi da nauyi, ga lambobi manya a jikinsa, ga arha, bar musu kayansu. Araha ba ta ado.

In labarin ya zama mara daɗi, ka fara da mai daɗin. Gaya wa mai kaya cewa takardunsa da hotunansa a faifan ajiya suke, kuma galibi mutuwar bod ba ta taɓa su. Ciro faifan, jona a wata kwamfutar, ka nuna masa da idonsa. Nuna masa tabon ma. Matattun kayan nasa ne, ka miƙa masa, in ya ga dama ya kai kasuwar Panteka. Ka ba shi shawarar sitabilaiza, UPS kuma in da hali, ya riƙa zare fulogi da wayar intanet in hadari ya haɗo.

Wadda ka gyara kuma, kada ka kira mai ita da zarar hoto ya fito. Bar ta a kunne ta yi kamar awa guda tana aiki, ka kashe, ka sake kunnawa, ka sake sa mita a layin 12. In lambar ta tsaya cak, sai ka rufe murfi ka buga masa waya.