Yadda Ake Haɗa Zauren Masu Falsafa da Masu Kwamfuta

Kuskuren da aka fi yi wajen kafa ƙungiyar masu bincike shi ne farawa da tsarin mulki, da zaɓen shugaba da ma'aji, da buga takarda mai tambari, alhali ko shafi ɗaya ba a taɓa karantawa tare ba. Ƙungiyoyin da suka yi ƙarko ba haka suka faro ba. Tarukan kwamfuta da falsafa sun soma a Amurka tun 1986, amma ƙungiyarsu ta duniya, IACAP, ba ta kafu ba sai 2004, bayan Turai da yankin Asiya da Fasifik sun riga sun fara nasu tarukan. Zama ne a gaba, sai aiki, sai taro, suna kuwa sai daga ƙarshe.

Ana farawa da mutum biyar ko shida daga sassa biyu aƙalla, a tsayar da rana guda da ba ta motsi, misali Laraba bayan la'asar, ko da mutum uku ne suka zo. A ɗauki rubutu gajere wanda kowa zai iya kaiwa ƙarshensa. Maƙalar da Alan Turing ya buga a 1950 kan ko na'ura na iya tunani ta dace, domin masanin lissafi ne ya rubuta ta, kuma a mujallar falsafa mai suna Mind ta fito. A sa ɗan kwamfuta ya gabatar da hujjojin falsafar, ɗan falsafa ya yi bayanin na'urar; kuskuren da kowa zai tafka a fagen ɗan'uwansa, nan karatun yake. Wani zai ce ai waɗannan ba sa jin yaren juna. Suna ji, ta ƙofar manɗiƙi. Daga lissafin manɗiƙin da George Boole ya shimfiɗa a 1854 Claude Shannon ya nuna a 1937 yadda za a tsara da'irar lantarki, kuma manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kare wannan fanni a muhawararsa da Suyuɗi, kuma ana karanta Sullam, littafin manɗiƙi na Al'ahdari, a zaurukan malamai. Saboda haka malamin zaure da ya ƙoshi da manɗiƙi yana da kujera a wannan zama, rashin gayyatarsa asara ce.

Idan zama ya kai wata shida, sai a nemi aiki ɗaya na tarayya, domin hira zalla gajiya take yi. Masakhane, wadda ta taso a 2019 kuma sunanta ke nufin "mu gina tare" da Zulanci, aikin fassarar harsunan Afirka da na'ura ne ya riƙe ta. Haka NaijaSenti na 2022, inda aka tara saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Pidgin aka rarrabe yabo da suka. Dubi abin da ke faruwa a irin wannan aiki. An ba mutum uku saƙo ɗaya: "Ai ka kyauta!" Ɗaya ya ce godiya ce, ɗaya ya ce gatse ne, na uku ya ce sai ya san abin da ya gabata. Mai kwamfuta zai so ya bi rinjaye ya wuce. Mai falsafa zai tambaya ko ma'ana a cikin kalma take ko a niyyar mai magana. Amsar ce za ta yanke yadda za a tsara bayanan, kuma daga nan maƙala mai sunayen ɓangarorin biyu ke fitowa.

Sai taron shekara, ƙarami kuma mai yawo. Deep Learning Indaba ya fara a Johannesburg a 2017, ya je Nairobi a 2019, Tunis a 2022, Accra a 2023, kuma ya haifi ƙananan tarukan IndabaX na ƙasa-ƙasa. A nan yankin, bana Kano, baɗi Zariya ko Sakkwato, sannan Maraɗi ko Damagaram. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, kuma inda Turanci da Faransanci suka raba malamai, Hausa na haɗa su. Masu cewa babu kuɗi suna da gaskiya idan otal ake nufi. Ajin jami'a da kuɗin mota ba su fi ƙarfin sassa biyu ba. Masu tsoron kada taron yanki ya zama na 'yan gida suna yabon juna, tsoronsu na kan hanya, maganinsa kuwa a tura kowace maƙala ga mai tantancewa na waje ba tare da sunan marubuci ba.

Rajista da zaɓen shugabanni sai ranar da wanda ya kira zaman farko ya yi tafiya, aka kuma zauna ba shi. Kafin nan, mai wannan niyya ya nemi mutum biyar da aji guda, ya sa rana.