Yadda Ake Tattara Jari a Kamfanoni Kaɗan Don Cin Rabon Riba

Akwai masu jarin da ba sa son warwatsa kuɗi. Sai su zaɓi kamfani biyar ko shida masu rabon riba duk shekara, su zuba komai a can. Amfaninsa a fili yake: za ka san kowane kamfani ciki da bai, in kuma zaɓinka ya dace, abin da zai shigo ya fi na mai tsinta nan da can. In bai dace ba, babu mai tare maka faɗuwa.

Da farko ka nemi dillalin hannun jari mai rajista da hukumar SEC, ya buɗe maka asusun CSCS, inda za a riƙa ajiye hannun jarinka. Ka cike takardar da za ta sa ribar ta riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye.

Sai lissafi. Dangote Cement ya raba N30 kan kowane hannun jari a ribar 2023. A ce ka saya a N400: kashi 7.5 cikin ɗari ke nan, kuma za a cire harajin kashi 10 kafin ta iso, ka tashi da N27. Ka auna wannan da tsadar kaya, wadda ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Shi ya sa ake son kamfanin da rabonsa ke ƙaruwa, ba mai tsayawa cik ba.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan lamarin: kada ciwo ɗaya ya iya kwantar da dukan kamfanoninka. Wanda ya sayi bankuna biyar yana ganin ya raba ƙafa, alhali doka ɗaya daga Babban Banki ta ishe su. An gani a 2009 lokacin da gwamnan Babban Bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna irin su Oceanic da Intercontinental. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Haka faɗuwar naira a 2023 ta jefa MTN Nigeria da Nestlé Nigeria cikin asara, ribar ƙarshen shekara ta gagara, ga su kuwa manya. Don haka ka buɗe rahoton shekara, ka duba bashin dala nawa ke wuyan kamfani, ka kuma ga ko abin da yake rabawa bai wuce abin da ya samu ba.

Mai gudun kuɗin ruwa, da'irarsa ta ƙara ƙuntata, tunda yawancin bankuna sun fita. Jerin NGX Lotus Islamic Index zai rage masa aiki.

Daga nan ka sa iyaka tun kafin ka saya. A ganina kada kamfani ɗaya ya wuce rubu'in jarinka. Kuɗin haya da na makarantar yara kuwa su zauna daban, domin rabon riba ba albashi ba ne. Hukumar gudanarwar kamfani na iya dakatar da shi a zama guda.